Kowane zazzaɓi taifod, kowane taifod cipro: idanunmu fa?

Tun da maganar cewa cipro, wato ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana iya makantar da mutum ta fara yawo a wayoyin mutanen zango a nan Kumasi ta ƙasar Gana, abin da ya fi ɓata mini rai shi ne amsar da wasu masu shagunan magani suke bayarwa, daga Aboabo har Asawase: "Alhaji, rabu da su, zancen Turawa ne. Shekara nawa muna sayarwa, wa ya makance?" Da wannan ake sallamar mai tambaya, a miƙa masa ƙwayoyi, a karɓi sidinsa.

Zancen kuwa yana da tushe. A 2012 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken Mahyar Etminan da abokan aikinsa a lardin British Columbia na Kanada. Cikin mutane kusan miliyan ɗaya da suka je ganin likitan ido, sun ware 4,384 da tantanin gani na bayan idonsu, wato retina, ya ɓalle daga mazauninsa har aka yi musu aiki. Sai suka ga masu shan magungunan dangin fluoroquinolone a lokacin, irin su ciprofloxacin da levofloxacin, haɗarinsu ya ninka na sauran sau 4.5. A 2013 wani babban bincike a Denmak bai ga wannan alaƙa ba. Na Faransa a 2016 ya ganta, amma ƙarama, kusan ninki ɗaya da rabi. Ko a lissafin Kanada ma, sai mutum 2,500 sun sha kafin a samu ƙarin mutum ɗaya da abin ya shafa.

Masu yayata cewa a zubar da cipro a kwata ba su taɓa ganin yaron da taifod ya huda wa hanji ba. Wanda likita ya rubuta wa, ya shanye maganinsa.

Ni da masu cewa "haɗarin ƙarami ne" nake magana. Ƙarami ne idan akwai cutar da ake yaƙa. Mai taifod na gaskiya, ko mai ciwon da ya hau ƙoda, ya ci riba idan ya ɗauki wannan kasada. To wanda mura ce ke damunsa fa? Wanda gajiyar kasuwar Kejetia ce ta kwantar da shi? Shi ya ɗauki kasadar ne a banza, bai samu komai ba. Haka kuma muke yi kullum. Ciwon kai da ɗacin baki, sai a ce taifod. Idan an yi ƙoƙari an je gwaji, Widal ne, gwajin da likitoci suka daɗe da sanin yana nuna taifod ga wanda ba shi da ita, musamman a ƙasashen da cutar ta zama ruwan dare. Wani ya sha cipro sau uku a shekara, ya rage saura a aljihun riga don maƙwabci.

Kuma ko an ajiye maganar ido gefe, akwai illolin da babu gardama a kansu. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalin waɗannan magunguna saboda suna iya tsinka jijiya, musamman agara. A 2016 ta ce kada a ba da su don ƙananan cututtuka irin na hanci da ƙirji da ciwon fitsari mai sauƙi matuƙar akwai wani magani. Turai ma ta taƙaita amfani da su a 2019. Ana zargin maganin da raunana kolajin, sinadarin da ke riƙe jijiya, kuma akwai shi a cikin ruwan ido mai kauri da ke jingine da retina. Shi ya sa masana suka duba ido tun farko.

Mai shago ya ce wa ya makance. Ta ina zai sani? Ɓallewar retina ba ta zuwa da zafi. Mutum zai fara ganin ɗige-ɗige baƙaƙe suna shawagi, haske yana walƙawa a gefen ido ko da dare, daga nan duhu ya soma rufowa ta gefe ɗaya kamar an ja labule. Sai ya ce gajiya ce, ya ɗiga magani, iya ta ce a sa kwalli, wani ya ce sammu ne. Kafin ya kai ga likitan ido duhun ya ci tsakiyar gani, kuma aikin da aka yi a makare ba ya mayar da ido yadda yake. Wannan mutumin ba zai koma shago ya ba da labari ba, balle a rubuta sunansa a wani littafi.

Wane mai shago ne yake tambaya ko mai saye yana sa gilashi mai kauri don ba ya hangen nesa? Ko an cire masa yanar ido, ko yana da ciwon suga? Waɗannan idonsu dama a kan gaɓa yake. Ga kuma sikila: kusan jarirai 2 cikin 100 a Gana da ita ake haifarsu, a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai a 1995, kuma nau'in SC da muke da shi da yawa shi ne ya fi lalata retina. A gari irin wannan, miƙa cipro ba tambaya ganganci ne, kuma wanda yake yi ya san ba shi da hurumi. Magani ne na takardar likita, lasisin ƙananan shagunan magani bai kai nan ba.

Gana ta ƙaddamar da tsarin kula da amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a 2018. Hukumar kula da sana'ar harhaɗa magunguna ta shigo lungunan zango ta ga abin da ke kan kantoci da na cikin jakar masu talla a motocin trotro. Malamanmu su ba alamomin nan minti biyu bayan huɗuba. Wanda kuwa ya ga walƙiya ko duhu a gefen idonsa, ya sha cipro ko bai sha ba, ya nufi sashen ido na asibitin Komfo Anokye a ranar, kada ya jira Litinin.