Jirgin ƙarfe bakwai na safe, wai

Ana idar da sallar asuba na kama hanyar filin jirgin Malam Aminu Kano, tunda tikiti ya ce ƙarfe bakwai za mu tashi zuwa Abuja. Har aka kira azahar babu jirgi babu dalilinsa, ko ruwan leda ba wanda ya miƙo mana. Da na gaji na nufi kantar kamfanin, na yi sallama. Yarinyar tana latsa waya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"'Yar nan, don Allah yaushe jirgin namu zai zo?"

"An ce ku jira."

"Wa ya ce?"

"Baba, an dai ce ku jira."

Na lallaɓa na gaya mata likita ke jirana, in babu tafiya a maido min kuɗina. Sai a lokacin ta ɗago, ta ƙare min kallo, ta ce, "To ni na riƙe jirgin? Ko a jakata na sa shi? In sauri kake yi ai akwai mota a tasha."

Madalla da wannan shawara, Allah ya yi albarka! Ashe dubban nairorin da na zuba na neman kwatancen tasha ne. Ta kuwa san abin da ta taka. Hanyar Abuja zuwa Kano tun 2018 ake aikinta, ga masu garkuwa, shi ya sa mutum ke matse aljihu ya sayi tikiti.

Uzurin kamfanonin nan mun haddace shi kamar karatun allo. Dala ta tashi. A 2022 man jirgi ya haura daga naira 190 zuwa 700 a lita. Babban gyara sai an kai waje. Hazo ya rufe Kano. Duk mun yarda, amma wace dala ake kashewa kafin a fito a gaya wa fasinja gaskiya? Jiragenka ba su taka kara sun karya ba, ka sayar da tikitin Legas da Abuja da Maiduguri, sannan ka sa yarinya a gaba ta riƙa yarfa sa'o'in ubanta.

Ina NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da dokarta ta cewa in jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin taɓawa? Garin da jirgi ya fara sauka a Najeriya tun 1925, yau mu ne ke zaman bara a filinmu. An rufe Nigeria Airways, kamfanin jiragen sama na ƙasa, a 2003. A watan Mayun 2023 aka shafa wa jirgin Habasha fenti, aka kira shi Nigeria Air, aka ɗau hoto, ya koma gida. Masu wannan aika-aikar ba sa bin layinmu, ta ƙofar manya suke shigewa. Mu kuwa da na ɗaga murya, wani bawan Allah a bayana har da dafa min kafaɗa, wai in yi haƙuri kada in ja a hana mu tafiya gaba ɗaya.