Yajin Aikin Kwamared

Hantsi ne a teburin mai shayi, Ƙofar Ƙaura, Katsina. Bafulatani na gefe yana tsoma burodi. Sai ga Kwamared da jar hula, takardu a hammata.

KWAMARED: Mai shayi, haɗa kauri, ƙwai biyu. Daga gobe mun tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani.

MAI SHAYI: Ku da wa?

KWAMARED: Mu tsofaffin ma'aikatan kamfanin mulmula ƙarfe.

MAI SHAYI: Haba Kwamared. Tun da aka sayar da kamfanin nan zamanin Obasanjo kake zaune. Wane aikin za ka ajiye?

KWAMARED: Neman aikin za mu daina. Gwamnati ta ji a jikinta.

BAFULATANI: Aradu za ta ji.

KWAMARED: Kada ku raina ƙungiyar ƙwadago! Ranar 3 ga Yuni 2024 wa ya kashe babban layin lantarki na ƙasa? Najeriya kaf ta shiga duhu!

MAI SHAYI: Au, ku ne? Mu a unguwarmu ba wanda ya lura.

KWAMARED: Kuma wa ya ƙwato mafi ƙarancin albashi? Muka buga tebur muka ce naira 615,000. Muka sassauto 494,000. Don a zauna lafiya muka ce to, 250,000.

BAFULATANI: Aka ba ku nawa?

KWAMARED: Tinubu ya sa hannu a kan 70,000.

BAFULATANI: (ya ajiye kofi) Kwamared, don Allah ranar da zan kai bijimina kasuwar Charanchi, kada ka biyo ni.

KWAMARED: Wai ina yaronka? Tun ɗazu ba a kawo ruwan wanke hannu ba.

MAI SHAYI: Na sake fasalin kamfani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sukari ya tashi, madara ta tashi. Sai na rage ma'aikata.

KWAMARED: Ka kori ma'aikaci ba ka tuntuɓi ƙungiya ba? Ina kuɗin sallamarsa?

MAI SHAYI: Ɗana ne. Tuwon dare yake ci a gidana har yanzu. Saura kashi na biyu, rage masu cin bashi.

KWAMARED: Mutum nawa abin zai shafa?

MAI SHAYI: Kai kaɗai. Dubu goma sha biyu nake bin ka.

KWAMARED: A yi haƙuri, baitulmali ba kuɗi. Na ba da dubu ɗaya, a biya kashi-kashi.

MAI SHAYI: Albarka!

BAFULATANI: Ashe ya iya ciniki. Ɓangaren da aka ajiye shi ne ba daidai ba.

KWAMARED: Tunda an kasa daidaitawa, doka ta ce a kafa kwamiti mai ɓangare uku. Ni, kai, da Ja'e. Mu ba da rahoto nan da wata shida.

BAFULATANI: Akwai alawus na zama?

KWAMARED: Sosai. Mai shayi, ƙara mashi kauri da ƙwai biyu. Rubuta cikin nawa.