Wa zai tsaya wa Kogin Challawa a kotu?

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan masana'antun jima na Challawa ko Sharaɗa a Kano, hancinsa ya riga ya karantar da shi darasin gurɓatar muhalli. Ruwan da ke fitowa daga majemun nan yana ɗauke da sinadarin kuromiyom, yana gangarawa cikin kogi, a ƙasa kuma akwai masu noman rani da masunta da masu shayar da dabbobi. Malaman kimiyya a jami'o'inmu sun daɗe suna ɗibar ruwan suna aunawa suna rubutawa. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne wanda zai ɗauki sakamakon awon ya mayar da shi takardar ƙara, ko daftarin doka, ko sharaɗin da za a ɗaure kamfani da shi kafin a ba shi lasisi. Don haka nake so in yi magana da ƙannena da ke karatun lauya da na fannonin da ke maƙwabtaka da shi, saboda na gamsu cewa wannan fage aikin yi ne na gaske, kuma mu a Arewa mun bar shi fayau.

A dubi abin da 'yan'uwanmu na yankin Neja Delta suka gina. A 2005 Jonah Gbemre ya kai Shell da NNPC gaban Babbar Kotun Tarayya a Benin a madadin al'ummar Iwherekan, kotu ta ce ƙona iskar gas a kan mutane ya saɓa wa 'yancinsu na rayuwa da mutunci. A 2008 wasu manoma da masunta huɗu suka shigar da ƙara a Holan kan malalar mai. Sai a Janairun 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta ɗora wa reshen Shell na Najeriya alhaki, a ƙarshen 2022 kuma aka daidaita kan diyyar yuro miliyan 15. Mutanen garin Bodo na ƙasar Ogoni sun karɓi diyyar fam miliyan 55 daga Shell a 2015. A 2018 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin da ya kamata kowane ɗalibin lauya ya haddace, a ƙarar da wata ƙungiya mai sa ido kan gurɓatar mai ta shigar da NNPC: ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin kai ƙara kan ɓarnar muhalli ko da ba gonarta aka lalata ba.

Wannan hukunci yana da nauyi ne saboda wani tarko da ke cikin kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 20 ya ce gwamnati za ta kare muhalli ta inganta shi, amma an ajiye shi a babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiki da shi. Lauyoyin Kudu suka zagaya ta bayan gida. Suka ɗaura hujjarsu a kan 'yancin rayuwa, da kuma sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'umma, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida. Shekara da shekaru aka yi ana wannan saƙa. Ƙofar da suka buɗe kuwa ba a rubuta mata sunan wani yanki ba. Mutumin Kumbotso yana da damar shiga ta cikinta kamar mutumin Ogoni.

To mu fa? A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Garin Bagega ya yi ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace shi, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa lamba suna bin sawun alkawarin. Shekara biyu bayan haka irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A yau ana haƙar zinare da litiyom a sassan Arewa da dama. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Idan an zauna ƙulla ta, kamfani yakan zo da lauyansa. Mai gari da dattawansa kuma sukan zo da wa? Wannan kujerar da babu kowa a kanta ita nake nuna wa ɗalibanmu.

Haka batun ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa Gorge a farkon shekarun 1990, yanayin ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ya sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, gonakin shinkafa da wuraren su suka ragu. Rigimar ta ratsa Kano da Jigawa da Yobe da Borno har Tafkin Chadi. Nawa za a saki, yaushe, wa ke da haƙƙin farko, mai noman rani a Kadawa ko masunci a Nguru? Injiniya zai iya lissafa ruwan, amma rabonsa sai da ƙa'ida a rubuce da wanda ya iya kare ta. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ta shanye Maiduguri, mun yi jaje mun tara gudummawa, kuma hakan daidai ne. Tambayar wa aka ɗora wa kula da madatsar, me doka ta ce ya yi, me ya yi, aikin masana doka ne su riƙe ta kada ta nutse tare da ruwan.

Wanda yake ganin doka magana ce ta takarda kawai, ya tsallaka Maraɗi da Damagaram. A da, bishiya a Nijar ta gwamnati ce ko da a gonarka ta tsiro, ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara idan ka sare reshe, don haka manomi ya gwammace ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin kututture ya sake toho ana yi masa aski. Hukuma ta sassauta, dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi a kan abin da ya raina. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da bishiyoyi wajen miliyan 200, gawo a kan gaba. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Abin da ya canja shi ne amsar tambayar bishiyar ta wace ce, kuma wasu ne suka zauna suka rubuta amsar.

Na san abin da ɗalibi zai tambaya: ina aikin yake, wa zai biya ni? Tambaya ce ta mai hankali. Akwai gefen gwamnati, daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, da hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, da NOSDRA mai kula da malalar mai, da hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi da ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada, zuwa ma'aikatun jihohi. Dokar Sauyin Yanayi da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi, ta umarci ma'aikatu da hukumomi su buɗe teburin kula da lamarin, ta kuma ce duk kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya naɗa jami'in da zai riƙa kai rahoto. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, wannan gaskiya ne, amma guraben suna cikin doka.

Inda na fi ganin abinci a kusa shi ne ayyukan da masu ba da lamuni na duniya ke ɗaukar nauyi. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, mai dala miliyan 700, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan ayyuka ba a sakin kuɗinsu sai da jami'an kare muhalli da al'umma, masu duba wa za a tayar daga gonarsa, nawa za a biya shi, ina zai kai kuka. Kowace babbar hanya, madatsa, masana'anta ko tashar lantarki tana buƙatar rahoton tantance illa ga muhalli ƙarƙashin dokar 1992, kuma kamfanonin ƙwararru ne ke rubuta shi. Bankuna ma suna neman masu wannan ilimi tun da Najeriya ta fitar da takardun lamuni na kare muhalli a Disamban 2017, irinsu na farko da wata gwamnati ta fitar a Afirka. Ga kuma sabuwar kasuwar kabon, wato cinikin iskar kabon da bishiyoyi ke zuƙewa, inda ake zuwa ƙauye da kwangilar shekaru masu yawa a ce a sa hannu kan daji. Idan ba mu da masu karanta irin waɗannan takardu, za a sayar da inuwar kukarmu muna zaune a ƙarƙashinta.

Ba zan ɓoye ba, lauyan da ya zaɓi tsaya wa ƙauye a kan kamfani zai sha wuya. Ƙarar Holan ta ci shekara 13, wasu daga cikin waɗanda suka shigar da ita ba su ga ƙarshenta ba. Wanda ya fara da wannan kaɗai zai iya rasa kuɗin haya. Shawarata ita ce a haɗa: a riƙe aikin filaye da kwangila da ba kamfanoni shawara kan bin ƙa'ida, a ware wani kaso na lokaci ga ƙarar al'umma, a kuma jingina da ƙungiyoyin da ke da kuɗin ɗaukar doguwar shari'a.

Batun horo kuma, a fara daga inda ake. A yawancin jami'o'inmu dokar muhalli darasin zaɓi ne, ɗalibai kan tsallake shi su tafi wanda suke jin ya fi maiƙo. A ɗauke shi, a haɗa da dokar filaye da ta mai da ma'adinai, a rubuta kundin kammala digiri a kan matsalar garinku, da ƙafa a je a gani. ABU Zariya da ATBU Bauchi suna cikin jami'o'i shida da ke da cibiyoyin shirin SPESSE, inda ake koyar da ƙa'idojin muhalli da na al'umma, daga gajerun kwasa-kwasai zuwa manyan digiri. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa. Shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi da Jamus ke tallafawa yana da cibiya a Jami'ar Fasaha ta Minna da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, a Yamai ɗin kuma akwai cibiyar AGRHYMET ta nazarin noma da ruwa da yanayi. A intanet, dandalin UN CC:Learn da InforMEA na Majalisar Ɗinkin Duniya suna ba da darussa kyauta har da takardar shaida. Kuɗin data kawai za a kashe. Mai hangen digiri na biyu a waje ya san cewa tallafin karatu na Chevening na Birtaniya sai da gogewar aiki ta shekara biyu, don haka shekarar hidimar ƙasa ma a nemi a yi ta a inda za ta ƙirgu.

Abu biyu nake roƙon ɗalibin lauya ya ƙara wa kansa. Na farko kimiyya daidai gwargwado: ya iya karanta sakamakon awon ruwa da na jini, ya fahimci taswirar tauraron ɗan adam, domin shari'ar muhalli a kan hujjar awo take tashi ko ta faɗi. Na biyu Faransanci. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, tana Njamena. Hukumar Kogin Neja tana Yamai. Madatsar Lagdo da ke tayar mana da hankali duk damina tana Kamaru. Ɗan Katsina ko Maiduguri da ya haɗa Hausa da Turanci da Faransanci ya fi ƙarfin a ture shi a teburin tattaunawar yankin nan. Wanda kuma ba lauya ba, mai karatun labarin ƙasa ko tattalin arziki ko aikin gona, fagen tsara manufofi nasa ne shi ma.

Muna da wani jari da ba mu cika lura da shi ba. Ɗalibanmu da yawa suna haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci. A fiƙihu akwai hurumin rijiya da na kogi, akwai keɓe makiyaya don amfanin jama'a, akwai ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, akwai hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Wanda zai sasanta rikicin burtali ko mashaya a gaban hakimi, ya iya kawo wannan tare da dokar makiyaya ta 1965 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, za a saurare shi fiye da wanda ya zo da Turanci zalla.

Ina da ƙorafi a kan yadda wasu matasanmu suka ɗauki harkar sauyin yanayi a matsayin hanyar zuwa taron COP na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi a ɗauki hoto. Tarukan suna da amfani. A Sharm el-Sheikh a 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, kuma ƙasa ba ta cin moriyar irin wannan asusu sai tana da masu iya rubuta buƙata da kare ta. Amma a tuna da ɗalibai 27 na Jami'ar Kudancin Fasifik a Vanuatu. A 2019, daga cikin aji, suka fara neman a kai batun sauyin yanayi Kotun Duniya. Gwamnatinsu ta ɗauka, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a Maris 2023, ranar 23 ga Yulin 2025 kuma kotun ta bayyana cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, wadda ta yi sakaci ana iya neman ta da diyya. Wasu ƙananan hukumomin Kano sun fi Vanuatu yawan jama'a. Ɗaliban nan sun fara ne da abin da teku ke yi wa garuruwansu.

Namu ma yana kusa. Duk babban aikin da za a yi, ƙa'ida ce a baje rahoton tantance illarsa na kwanakin aiki 21, a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, domin jama'a su karanta su rubuta ƙorafi. Sau da yawa kwanakin kan ƙare ba wanda ya buɗe shi, saboda tulin Turanci ne mai ɗaruruwan shafuka, mutanen da za a tayar kuma ba su ma ji labari ba. Ɗalibai biyar daga Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Maiduguri za su iya zuwa su nemi rahoton, su raba shafukan a tsakaninsu, su fassara wa mai unguwa da jama'arsa abin da ya ce game da rijiyoyinsu da gonakinsu, sannan su rubuta ƙorafin su miƙa kafin wa'adin ya cika.