Kafin ka kira asibiti mayanka

A fadojin Yamai da gurup-gurup na WhatsApp ana yawan cewa: "Kada ka yarda a kai naka babban asibiti, duk wanda ya shiga sai a makara." Wannan magana tana ƙona mini rai, don tana kashe mutane. Wanda ya ji ta sai ya zauna gida yana jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƴan tebur har ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ku dubi tsarinmu. Mara lafiya yana farawa daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, in abin ya gagara a tura shi asibitin gunduma, daga nan CHR, wato asibitin jiha, ƙarshe manyan asibitocin ƙasa. Matar da motar asibiti ta kawo matanite Issaka Gazobi, babban asibitin haihuwa na Yamai, da tsakar dare, ta riga ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye, jini ya zuba, ko jijjiga ta kama ta, ƴan'uwa na riƙe da ledar ƙarin ruwa. Rajistar CSI da ya turo ta fes take. In Allah ya karɓi ranta, a littafin matanite za a rubuta.

Shi ya sa masana ba sa tsayawa ga ƙidayar gawa. Sukan duba kowane majinyaci: shekarunsa, ciwon da ya kawo shi, ko yana da hawan jini, ciwon suga ko tamowa, da ƙafarsa ya shigo ko ranga-ranga aka ɗauko shi. Da wannan suke lissafa mutum nawa ake tsammanin za a rasa in an yi aiki daidai gwargwado, sannan su gwada da adadin da aka rasa a zahiri. A ce asibiti biyu, kowanne ya kwantar da mutum 1000. Na farko ya rasa 60, na biyu 20. To amma in bisa tsananin ciwon waɗanda suka zo ana tsammanin 80 a na farko, 10 a na biyu fa? Na farkon ya ceto rayuka, na biyun da kowa ke yabo ya ninka abin da ya kamata.

A 1986 gwamnatin Amurka ta fitar da jerin asibitoci bisa yawan mace-mace. Wanda ya fi muni a jerin, ashe gida ne na jinyar waɗanda likitoci suka riga suka cire rai da su.

Lissafin kansa ba wahayi ba ne. Da jihar New York ta fara wallafa sakamakon tiyatar zuciya a farkon shekarun 1990, an yi ta ƙorafin cewa wasu likitoci na gudun masu ciwo mai tsanani, wasu asibitoci kuma na ƙara wa ciwon majinyata gishiri a takarda. Mu nan namu ya fi haka: da dangi sun ga jiki ya yi nisa sai su ce "a sallame mu, ya cika a ɗakinsa." Wannan mutuwar ba ta shiga rajistar kowa. A Ingila ma'auninsu yana haɗawa da waɗanda suka rasu cikin kwana 30 bayan sallama, saboda irin wannan giɓin.

Ban ce babu sakaci ba. Akwai shi, akwai wulaƙanci, akwai mai jinyar da ke yawo da takardar magani daga kanti zuwa kanti yayin da nasa ke galabaita. Amma ba za mu kama mai sakacin ba sai an rubuta halin da kowa ya iso: awon jininsa, sa'o'in da ya yi a hanya, inda aka turo shi. Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta tilasta cike wannan tun daga ƙofar gaggawa, ta kuma riƙa fitar da alƙaluma biyun tare, wanda aka yi tsammani da wanda ya auku, asibiti bayan asibiti, daga Yamai har Tawa da Damagaram.