Mai son rubuta wa yara shirin talabijin, ya fara zama a tabarmarsu

Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata ta kawo mini rubutu shafi 14, ta ce shirin talabijin ne na yara ta tsara, tana so in duba mata kafin ta kai wa masu tasha. Yarinyar ba baƙuwar alƙalami ba ce, ta jima tana sakin labaran soyayya kashi-kashi a WhatsApp, kuma tana da masu bibiyarta. Na ce mata ni ba yaro ba ne, hukuncina ba zai amfane ta da komai ba, amma ga masu hukuncin nan a tsakar gida. Muka shimfiɗa tabarma bayan la'asar, muka tara yara biyar, ƙaraminsu ɗan shekara 5, babbarsu 'yar shekara 9, ta fara karanta musu.

Labarin wata yarinya ce da akuya ta cinye mata littafin aikin gida, sai ta je makaranta ta yi ƙarya ta ce ɓarawo ne ya ɗauke. Wurin da akuyar ke tauna takarda tana kallon yarinyar, yaran nan har da faɗuwa don dariya. Da aka kai shafi na 9, inda malamin aji ya tsayar da kowa ya shiga jawabi kan illar ƙarya, sai ƙaramin ya miƙe ya bi kyanwa. Biyu suka koma tsokanar juna. Babbar ta daure saboda kunyar baƙuwa, can ta ɗago kai ta ce, "Anti, akuyar fa, ina ta tafi?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai, domin matasa da dama na tuntuɓata kan yadda za su kutsa cikin rubutun shirin yara, kuma kusan dukkansu tambayarsu ɗaya: wa za mu gani, wace ƙofa za mu ƙwanƙwasa? Ni kuwa ina ganin ƙofar farko ba ta furodusa ba ce. Rubutun da bai riƙe yara biyar a kan tabarma ba, ko an ɗauke shi da kyamara mafi tsada ba zai riƙe yaron da rimot ke hannunsa ba.

Ba na musun cewa hanyar a ƙuntace take. Masana'antar fim ta Hausa ta haura shekara 30, tashar Arewa24 tana watsa shirye-shirye da Hausa zalla tun 2014, fina-finai masu dogon zango sun cika YouTube, amma rabon yara a cikin wannan duka ɗan tsito ne. Dalilin a fili yake. Tasha da talla take rayuwa, mai talla kuwa wanda ke da aljihu yake nema, ba ɗan firamare ba. Katun kuma aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Shi ya sa yaranmu suka tashi a gaban MBC3 da Spacetoon suna kallon katun da Larabci, ko su zauna gefen iyayensu mata suna kallon rikicin kishiyoyi da ba don su aka rubuta ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya in ji yaro ɗan shekara 6 ya haddace kalaman saki da yaji, alhali ba shi da wani tauraro sa'ansa mai magana da harshensa.

Ɗan abin da muka samu ma, akasari daga waje ya zo ko da tallafin waje. A 2011 aka fara nuna shirin yara na Sesame Square a Najeriya da gudummawar USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, daga baya aka yi na Hausa. Kamfanin Ubongo na ƙasar Tanzaniya yana yin katun na koyar da yara ana juya su zuwa harsunan Afirka, har da Hausa. Wannan alheri ne, kuma duk matashin da ya samu aikin fassara ko daidaita irin waɗannan shirye-shirye da al'adarmu kada ya raina, makaranta ce babba. A nan zai ga yadda ake auna kowace jimla da motsin bakin ɗan katun, ya ga kuma cewa ba a barin marubuci ya yi gaban kansa, manhaja ake ba shi: yau lamba 3 za a koyar, ko wanke hannu, ko yadda yaro zai yi in ransa ya ɓaci. Sai dai fassara ba ta isa ba. Labarin da aka haifa a Darussalam ko Niyok, ko an sa masa hula da zani, ba zai san ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko ba, bai san tashe ba, bai san langa ba.

Akwai darasi a tarihin asalin shirin Sesame Square, wato Sesame Street, da aka fara a Amurka a 1969. Masu shi ba su dogara da hasashen manya ba. Sukan zaunar da yaro gaban talabijin, su ajiye wata na'ura a gefe tana sauya hotuna bayan 'yan daƙiƙu, su riƙa lura: yaushe idonsa ke kan shirin, yaushe ya karkata ga hotunan? A gwajin da suka yi kafin fara watsawa, sun gano yara na sakin shirin duk lokacin da aka bar manya zalla suna magana, sai suka sake tsari suka haɗa mutane da 'yan tsana a fage ɗaya. Mutanen nan suna da masana da kuɗi, duk da haka yaro ne ya gyara musu aiki. Mu ba mu da na'urar, amma muna da kyanwa da ƙofar zaure da mai rake da ke wucewa, kuma aikinsu ɗaya.

Na san abin da za a ce mini, an ma sha faɗa mini: ai mu tarbiyya muke so, ba sharholiya ba, shirin yaran da babu nasiha a ciki mene ne amfaninsa? Ni ma tarbiyyar nake so, uba ne ni. Amma mu tuna yadda kakanninmu suka yi ta. Tsohuwa ta ce "ga ta nan ga ta nanku", a amsa "ta zo mu ji ta". Gizo ya yi haɗama, ya yi wa Ƙoƙi wayo, ya ci amanar abokan tafiya, a ƙarshe wayonsa ya ja masa duka ko kunya. Tsohuwa ta ce ƙurunƙus, kowa ya tafi ya kwanta. Ba ta tsayar da labari a tsakiya ta ce yara ku ga illar haɗama ba, domin sun riga sun gani da idon zuciyarsu, kuma ga shi mun girma ba mu manta ba. Wa'azi yana da muhallinsa da malamansa, yaran nan kullum suna islamiyya. Aikin marubucin shiri shi ne ya sa ƙaryar yarinyar nan ta yi ta girma tana haifar mata da wata matsalar, har mai kallo ɗan shekara 7 ya ji cikinsa ya ɗuri ruwa a madadinta, ya ƙagu ta faɗi gaskiya ta huta.

Wani tarkon kuma na waɗanda suka fito daga rubutun zube ne, kuma su ne mafi yawa a cikinmu. A littafi kana iya cewa "kunya ta kama ta, ta shiga tunanin abin da ta aikata". Kyamara ba ta ɗaukar tunani. Sai ka rubuta abin da ido zai gani ko kunne zai ji: ta ɓoye hannu a bayan hijabi, ta ƙi kallon malam, tana murza yatsan ƙafa a ƙasa. A ƙa'idar aikin, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka jawabin malam mai shafi biyu minti biyu ne cur na mutum ɗaya yana magana. Sannan "yara" ba jinsi ɗaya ba ne. Ɗan shekara 4 yana son maimaici da waƙa da abu ɗaya tak a lokaci guda. 'Yar shekara 10 in ka yi mata haka ta ga ka raina ta. Marubucin da aka tambaye shi shekarun masu kallonsa ya ce "duk yara", bai fara ba tukuna.

Ga mai neman shiga, shawarata ya rubuta abin da za a iya ɗauka da ƙaramin ƙarfi: minti 5 zuwa 7, wuri ɗaya ko biyu, 'yan wasa uku. Yaro ɗan wasa yana da boko da safe, islamiyya da yamma, kuma yana gajiya da wuri, furodusa ya san haka ko da marubuci bai sani ba. 'Yar tsanar da telan unguwa zai ɗinka ta fi katun araha nesa ba kusa ba. Rediyo ma hanya ce, gidajen rediyonmu sun daɗe da filayen yara. In an je gabatarwa, a tafi da kashi biyu ko uku kammalallu, da takarda mai bayanin taurarin shirin da halayensu da taƙaitattun labaran da za su biyo baya, domin mai tasha yana so ya tabbata rijiyar ba za ta ƙafe a mako na huɗu ba. Kuma a kiyaye: doka rubutaccen aiki take karewa, ba tunanin da aka furta a hira ba. Kada zumuɗi ya sa a miƙa aiki babu yarjejeniya a rubuce kan kuɗi da kuma sanya sunan marubuci a allo.

Su ma tashoshin jihohi, waɗanda da kuɗin jama'a suke tafiya ba da talla kaɗai ba, akwai haƙƙi a wuyansu. Rabin awa a mako, da ɗan kasafi tsayayye, da kira a fili ga marubuta su kawo gwaji, bai fi ƙarfinsu ba. Sassan koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, suna yaye matasan da za su iya aikin in an buɗe musu fili.

Ɗalibar tawa ranar ba ta ji daɗi ba, na ga idonta ya kawo ruwa lokacin da take naɗe takardunta. Bayan mako uku ta dawo da shafi 7. Jawabin malam ya koma jimla biyu. Akuyar kuwa ta biyo yarinyar har makaranta, ta leƙo ta tagar aji da guntun bangon littafin a bakinta daidai lokacin da ake tambayar kamannin ɓarawon. Da aka zo wurin, ƙaramin nan ya dafe baki da hannu biyu ya ce, "Wayyo, an kama ta!" Kyanwa ta wuce ta gabansa bai ko kalle ta ba. Da aka gama suka ce a sake daga farko. Yanzu ta kai wa tela yadi da auduga, ana ɗinka mata akuya.