Wata uku ya yi wa ma'aikaci mai naƙasa kaɗan

A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta hana mai kamfani nuna wa ma'aikaci bambanci saboda naƙasa, ta kuma wajabta masa yin gyaran da zai sauƙaƙa masa aiki, kamar sauya masa lokacin shiga ko kayan aiki. Amma wa'adin da ta gindaya a 2010 na kai ƙara kotun ma'aikata wata uku ne, a cire kwana ɗaya, daga ranar da aka nuna bambancin.

Wannan dokar ce kuma ta ce ba a kiran larura naƙasa sai ta kai, ko ana sa ran za ta kai, wata 12, in ban da irin su ciwon daji da ake ɗauka naƙasa tun ranar da aka gano su. To mutumin da ke fama da ciwon damuwa mai tsanani, ko yake zirga-zirgar asibiti kan ciwon daji, shi ake so cikin wata uku ya gane an zalunce shi, ya nemi shawara, ya tuntuɓi hukumar sasanci ta Acas, wadda zuwa wurinta ya zama dole tun 2014, sannan ya shigar da ƙara.

Abin da ya fi damuna shi ne mai haƙuri ne ke faɗawa ramin. Ma'aikaci ya kai kuka ga shugabanninsa, ana ta ce masa ana dubawa, shi kuma yana jira don ba ya son ɓata zama. Sasancin Acas yana dakatar da ƙirgen kwanaki, kukan cikin gida kuwa ba ya dakatarwa. Idan ma kamfani shiru ya yi kan gyaran da aka roƙa, ana iya fara ƙirge daga lokacin da ya kamata a ce ya yi gyaran, ranar da ba wanda ya sanar da ma'aikacin.

Gaskiya ne alƙali na iya ƙara lokaci idan ya ga adalci ne, sai dai mai ƙara ne zai gamsar da shi. Masu kamfani suna cewa jinkiri na sa shaidu mantuwa, kuma suna da hujja. Amma a Ingila wanda ya ji rauni yana da shekara uku ya kai ƙara, rikicin kwangila kuwa shekara shida.

Hukumar bitar dokoki ta ba da shawarar wata shida tun 2020, kuma na goyi bayanta. Ni dai da za a ƙara da cewa ƙirge ya tsaya muddin kamfani bai amsa kukan ma'aikacinsa a rubuce ba.