Na san ENO da ONO, amma ban san kiɗansu ba

Yau wata uku ke nan da na kamu da wasan cike gurbin kalmomi na jaridar New York Times a waya, wanda Turawa ke ce wa crossword. Akwatuna ne farare da baƙaƙe, ga tambayoyi a gefe, wasu amsoshin a kwance, wasu a tsaye, kowace kalma ta ratsa ta cikin 'yar'uwarta. Na Litinin ya fi sauƙi, daga nan yana ƙara tsauri har Asabar. Ni dai har yanzu ɗan Litinin da Talata ne, ba abin ɓoyewa.

Shekaranjiya wani abokina ya leƙo wayata ya ga ina zuba sunayen tsofaffin makaɗan rok ba ko gargada, sai ya ce, "Kai malam, ashe ka san kiɗan Turawa haka?" Dariya kawai na yi. Wallahi karatun aku ne.

In an ce matar John Lennon, akwati uku, ONO ce. In an ce wanda ya haɗa wa ƙungiyar U2 kiɗa, akwati uku, ENO. Ƙungiyar Jeff Lynne ta Birmingham, ELO. 'Yan Ostireliya masu ƙarar jita, ACDC, a jefar da 'yar sandar nan ta tsakiyar sunan AC/DC tunda ba ta da akwati. Duk na haddace su kamar lambar wayata, amma da za a kunna mini waƙar ELO yanzu a ce su wa ke nan, sai dai in yi zuru.

Sai daga baya na gano dalili. Mai tsara wasan wasula yake farauta. Turanci baƙaƙe sun yi masa yawa, suna cunkushewa wuri ɗaya, to in ya zo ɗinke wata kusurwa sai ya rarumo gajeriyar kalma mai wasali a farko da wasali a ƙarshe. Shi ya sa Brian Eno ya zama ɗan gida a akwatunan nan. 'Yan ƙungiyar Led Zeppelin sun fi shi sayar da faifai nesa ba kusa ba, amma haruffa 11 ba ko'ina suke shiga ba, sai ka daɗe ba ku haɗu ba.

Don haka masu ɗaukar wasan nan a matsayin ma'aunin kaifin ƙwaƙwalwa, ni ban bi su ba. Rabinsa hadda ce, rabinsa kuma inda ka tashi. Wanda ya girma da rediyon Amurka a kunnensa an riga an ba shi satar amsa. A ce masa mawaƙin Musawa mai amshin kalangu, akwati biyar, mu ga ko zai rubuta SHATA.

Sau ɗaya tak amsa ta fito mini da rai, shi ma ba ƙoƙarina ba ne. Ina zaune a zauren Kawu bayan Isha'i, an tambayi mai gangar ƙungiyar Cream. Kalmomin tsaye sun ba ni B da K da R, na cike sauran da ka, na ce a fili, "Wane ne kuma Baker?"

Kawu ya ajiye kofin shayi. "Ginger Baker kake nufi? Baturen nan mai jan gashi?"

"Kawu, kun san shi ne?"

Ashe lokacin da Kawu yake aiki a Legas sunan ba baƙo ba ne. Shi Baker ɗin da mota ya ratso Sahara, ya buga ganga tare da Fela har suka fitar da faifai a 1971, ya kuma buɗe situdiyo a Ikeja. Daga nan Kawu ya zarce labarin zuwan mawaƙin Ingila Paul McCartney Legas ɗaukar faifai a 1973, da yadda Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. Hira ta yi daɗi har ya jawo faranti yana kwatanta mini bugun da yatsu, 'yan jikoki na leƙe ta labule.

Ko da na waiwayi wayar, caji ya ƙare, saura akwati bakwai ban cike ba.